Ƙwaryar da Aka Mayar

An ɗaura auren Surajo Daudu da Adawiyya Mamman ranar Asabar a Safana, bayan an ɗaga ranar sau biyu. Ƙwaryar man shanu guda ce ta jawo ɗagawar.

Adawiyya ƙananan kek take yi na suna da walima, tana ɗora musu farin kirim. Kofi ɗaya na bota, wato man shanun kanti, kofi uku na garin sukari da aka tankaɗe, a yi ta bugawa har ya yi fari ya tsaya. Botar kirki kuwa sai an sayo daga Katsina, rabinta a hanya take narkewa.

A tashar Batsari Surajo ya fara ganinta, tana tsaye kusa da kwalin botarta da mai ya jiƙa. Ɗan makiyaya ne daga Babban Duhu, yana sayar da maganin dabbobi.

"Kin je har Katsina neman abin da ke rataye a ɗakin innarmu," in ji shi.

"Naku tsami yake yi, Ɗan Fillo."

"A wanke shi mana."

Ya kawo mata ɗanyen man shanu. Ta wanke shi sau uku da ruwan randa, ta buga, kirim ya tsaya. Wata biyar bayan nan manyansa suka je wajen mahaifinta, Malam Mamman.

Inna Mero, mahaifiyar Surajo, ta so ta karrama yarinyar. Ta tara man kwana shida, ta soya shi da albasa yadda ake yi wa baƙon da ake ji da shi, ta aika ƙanwar Surajo, Halima. A ranar kuwa Adawiyya tana da kek arba'in suna jiran kirim. Ta buɗe ƙwarya, ƙamshin albasa ya bugi hancinta.

"Wannan ba zai yi ba. Ki mayar, a ba ni ɗanye."

Halima ta isar da saƙon yadda aka faɗa.

Da la'asar saƙon Surajo ya shigo: "Mai Sukari, me kika yi? Inna ta ce tun ba ki shigo ba kin maido mata ƙwarya."

Ta rubuta: "Kek da albasa, Surajo? Kai ma ka sani."

"Na sani. Ita ba kek ta aiko ba, girma ta aiko."

Inna Mero ta ce a dakata, aka ɗaga ranar aure. Da Malam Mamman ya ji, shi ma ya sake ɗaga ta, ya ce ba zai kai 'yarsa inda ake ja da baya ba. Wata uku Surajo yana zirga-zirga a babur tsakanin gida biyu, kowa na cewa ɗayan ya fara. Adawiyya ta koma botar Katsina, ta koma zubar da rabi.

A wata na huɗu ta ɗauki gwaggonta, da kek da garin sukari, suka tafi Babban Duhu. Ta durƙusa a bakin ɗaki.

"Inna, na yi kuskure. Ƙwaryata na zo karɓa."

"An cinye," in ji Inna Mero. Ta turo mata ɗanyen mai da maburgi. "Nuna min abin da ya fi albasata."

Rana ta take. Adawiyya ta buga, kirim ya tsinke ya zama ruwa. Ta tsoma gindin kwanon cikin ruwan randa, ta jira, ta sake. Sai a karo na uku ya tsaya. Ta ɗora wa kek ɗaya ta miƙa.

Inna Mero ta juya shi, ta shinshina. Uwar miji ba ta ci a gaban suruka. Ta rufe shi da faifai, ta dubi gwaggon.

"A gaya wa Malam a sa rana. Allah ya yi musu albarka."

A hanyar dawowa Surajo ya tambaye ta ta waya ko Inna ta ci.

"Ɗan Fillo, kai za ka tambaye ta."

"Ni? Ba na son a ɗaga sau uku."

Amarya ta tare ranar Lahadi. Man shanu bai sake zuwa daga ɗakin Inna ba tukuna, soyayye ko ɗanye.