Ɗinkin Esfires

Auta na tsakiyar ɗinki aka jefo wata riga kan kekenta, hammatar a yage.

Ɗan baffanta ne ya jefo ta, wanda ya daɗe yana nemanta tana ƙi. Ya juya wajen Baba ya ce ga aikin wanda Auta ke mutuwa a kansa, wanki ɗaya rigar ta watse.

Dama Baba ya ce ba zai ba saurayinta Esfires ita ba.

Esfires kalmar Turanci ce, sauri take nufi, ba tsaye-tsaye. Akwai mota esfires, akwai wanki esfires. Tela kuwa in ka ce masa esfires, ka kawo yadi da safe ka sa riga da yamma. Saurayinta, telan shagon da ke kallon nasu, ya ƙware a wannan har sunan ya bi shi. Baba kuma tsohon tela ne, ya tsani gaggawa. Cewa yake mai ɗinki da gudu, da gudu zai aura, da gudu zai saki.

Auta ba ta yi kuka ba. Yarinyar akwai zuciya! Ta juya rigar ciki waje, yadda Baba ya koya mata tun tana ƙarama, ta miƙa masa.

"Baba, duba hammatar. Layi ɗaya ne."

"To sai me?"

"Shi Esfires layi biyu yake bi, ya ƙone bakin zaren da ashana. Ko gobara ake yi ba ya tsallakewa."

Ɗan baffa ya ce soyayya ce kawai ke magana.

"To Baba... juya rigar jikinka."

Rigar da ta ba shi bara ce. Ya ɗauka ɗinkinta ne, kullum yana nuna wa mutane cewa haka ake aikin natsuwa. Ya cire ya juya. Layi biyu, bakin zare a ƙone. Auta ta ce Esfires ne ya ɗinka ta tsakanin azahar da la'asar.

Baba ya ja ɗinkin da ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Ɗan baffa ya sulale waje.

Baba ya leƙa titi ya ƙwala wa Esfires kira. Kafin ya rufe baki yaron ya iso, tef a wuya, ya durƙusa. Ya saci kallonta, a hankali ya ce, "Autata... lafiya?"

Baba ya mayar da rigarsa.

"Ka turo manyanka. Amma ka ji ni, yaro. Yadda ka riƙe hammatar nan, haka nake so ka riƙe min ita."