Wadda Za a Ambata Ƙarshe

"Tsaya mana! In ka ƙara motsi sai na shaƙe ka."

Inkeri ta yi ɗage tana ɗaura masa farin ƙyallen wuya, cike da zumuɗi, kai ka ce ita ce za ta shiga zauren ta kare kundin digirin nasa. Ƙofar ofishinta a kulle take, kamar kullum idan Leandro ya shigo.

"Shaƙe ni ɗin," ya ce yana murmushi. "Gara in mutu a hannunki da in mutu a hannun tsohon nan da aka ɗauko ya yi min tambayoyi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Ya kamo hannayenta ya ɗora a ƙirjinsa.

"Ƙanƙarata... yau ce rana ta ƙarshe da za ki kulle ƙofa saboda ni."

"Ka rantse?"

"Ke dai ki kasa kunne a wajen walima. Ki ji sunan da zai zo ƙarshe."

Wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. A nan Finland ko yaro ya san tsarin walimar sabon dakta. Zai miƙe ya yi godiya bi da bi, daga malamin da ya yi masa tambayoyi zuwa malamansa, sai abokan aiki, sai dangi. Sunan ƙarshe kuwa na wadda ke riƙe da zuciyarsa ne. Duk wanda aka ambata kuma dole ya miƙe ya mayar da jawabi. Shekara huɗu Inkeri tana jiran a kira ta a wannan gurbin, a gaban kowa.

Ita ta gina shirin da ya kawo shi. Digirin digirgir guda a fannin gandun daji, haɗin gwiwar jami'arsu da wata jami'a a kudancin Chile, ɗalibi ya yi wata shida nan, wata shida can. Faɗarsa da sauƙi, amma ta ci baƙar wahala. Lokacin da ake buɗe karatu nan, can ana shirin hutu. Idan ta iso ofis da safe, su ko juyin farko ba su yi ba. Da ba don Renata ba, takwararta ta can, da tuni ta tattara ta watsar. Duk Litinin sai sun haɗu ta bidiyo, Renata ta buɗe baki da "'Yar'uwata!", su yi aiki, su yi gulmar shugabanninsu, su yi dariya har da hawaye.

Leandro ne ɗalibin farko da ya zo daga Chile. A hunturun farko ya zame a kan ƙanƙara a bakin ofishinta, ta ɗaga shi, daga nan zuciyarta ta zame ita ma. Ba a yi wata uku ba Renata ta kawo shawarar wata doka, cewa duk wanda hannunsa ke hawa takardun ɗalibi, babu soyayya tsakaninsu. In an kama, a soke digirin, a dakatar da shirin. Ta yaya Inkeri za ta ce a'a ba ta tona kanta ba? Da hannunta ta rubuta dokar, ta kuma fara kulle ƙofa.

Ta ja baya ta ƙare masa kallo. Baƙar kwat mai jela ta zauna masa ɗas. Ta marigayi babanta ce, wadda ya yi shekara da shekaru yana sawa idan mawaƙan coci za su fita. Kafin mahaifiyarta Marjatta ta saki kwat ɗin nan, sai da aka kai ruwa rana.

"Kwat ɗin ubanki? A jikin mutumin da ko ƙofar gidana bai sani ba?"

"Mama, doka ce ta hana..."

"Doka! Ubanki da ƙafa ya ratsa tafki a daskare ya zo ya gaishe da iyayena. Namijin da ya iya ɓoye ki shekara huɗu bai rame ba, ki bincike shi."

"Ranar Asabar zan kawo miki shi shan gahawa. Na yi alkawari."

"Rana dai ba ta ƙarya," in ji tsohuwar, ta tura mata kwat ɗin ba tare da ta dube ta ba. "Kada ki sa ran zan gasa masa ko ɓawon burodi."

Leandro ya kare kundinsa tiryan-tiryan, tsohon mai tambayoyi har da jinjina kai. Da yamma aka hallara a ɗakin cin abinci na bakin kogi. Inkeri ce ta kama wurin, ita ta zaɓi miyar kifi da naman barewa, ita ta tsara wanda zai zauna kusa da wa. Renata, wadda ta sauka jiya takanas don wannan rana, ta zaunar da ita dab da kanta. Ina za ta kai 'yar'uwarta in ba gefenta ba?

"Kin yi kyau kamar amarya," Renata ta raɗa mata. "Ko dai akwai labarin da ba a ba ni ba?"

"Ki dai jira," Inkeri ta ce, fuskarta ta yi ja.

"Ai jiran nake."

Aka kwashe faranti. Leandro ya ƙwanƙwasa kofi ya miƙe, ɗakin ya yi tsit. Ya gode wa mai tambayoyi. Ya gode wa Farfesa Tapani, babban malaminsa. Ya gode wa masu kula da ɗakin gwaji, da direban da ya riƙa kai shi daji.

"Sai kuma Inkeri..."

Ta ɗago kai da sauri.

Ai ba a kai ko dangi ba!

"...Inkeri ta ofis, wadda ba ta taɓa ɓatar min da takarda ko ɗaya ba. Kowace jami'a na bukatar irinta. Na gode ƙwarai."

Aka tafa sama-sama, irin tafin da aka yi wa direba.

Ta yi murmushi don idanu na kanta. Wasa yake, ta ce a ranta. Zai sake dawowa kaina, ai shi ma ya san mutum na iya zama abu biyu. A ƙarƙashin tebur hannun Renata ya lalubo nata ya riƙe, ita kuwa ta damƙe shi da godiya, baiwar Allah.

Ya gode wa iyayensa da ke can gida. Sannan ya sassauta murya, irin muryar nan da Inkeri ta ɗauka ita kaɗai ta san ta.

"Saura mutum ɗaya. Duk sanyin da na sha a ƙasar nan, tunaninta ne ya ɗumama ni. Jiya na roƙe ta ta aure ni, ta ce ta yarda..."

Ya juyo wajen teburinsu.

"Renata. Hasken idona."

Ɗakin ya kaure da tafi da sowa. Farfesa Tapani, mutumin da sai a shekara ba a ga haƙorinsa ba, har da buga tebur. Inkeri ta ji kamar an tsoma ta a ramin ƙanƙara. Ta ja hannunta, Renata ta ƙi saki. Tana ɗaga wa jama'a ɗaya hannun tana share ƙwalla, bakinta kuwa na dab da kunnen Inkeri.

"Yi murmushi, 'yar'uwata. Ana kallon ki."

"Kin... kin sani?"

"Tun hunturun farko. Duk Litinin in an ambaci sunansa sai ki gyara gashi. Wa kike tsammani na kawo dokar nan dominta?"

"Ke ma ai kin taka ta!"

"Ni? Nemo min takardarsa ɗaya da hannuna ya hau. Duk abin da ya shafe shi ke nake turo wa, ke kuma jiki na ɓari kike sa hannu."

Gaskiya ne. Ƙarin lokacin da aka ba shi, izinin tafiyarsa, amincewa da kundin, duk ita ce.

"Me ya sa kika bar ni... shekara huɗu, Renata?"

"To wa zai kula min da shi a wannan uban sanyi? Wa zai dafa masa, ya gyara masa rubutu har ya zama na mutane? Kin yi ƙoƙari, ban raina ba." Ta matse mata yatsu. "Yanzu za a zo kanki. In kina so ki faɗa, ga fili ga mai doki. Digirinsa ya tafi, aikinki ya tafi, ɗalibai goma sha ɗaya su tattara su koma gida. Rushe gidan da kika gina mu gani."

Aka fara mayar da jawabi. Mai tambayoyi ya yi nasa. Farfesa Tapani ya yi nasa, ya ƙara da albishir cewa jami'o'in biyu sun amince a tsawaita shirin, saboda waɗannan mata biyu da ke aiki kamar 'yan tagwaye. Direba ma ya miƙe ya ba da labarin ranar da sauro ya kori Leandro daga daji, aka yi ta dariya.

Sai idanu suka dawo kanta.

Ta miƙe tana dafe da tebur. Maganar na nan a bakinta, cikakkiya, jimla ɗaya ta isa ta ƙona ɗakin nan ƙurmus. Ta dubi Leandro, ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Ta dubi teburin ƙarshe inda ɗalibanta suke, waɗanda ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta samo musu ɗaki da rigar sanyi. Ɗaya daga cikinsu ta baro jaririnta wajen kakarsa a can ƙetaren teku don ta ƙarasa wannan karatu, ga ta nan tana yi wa Inkeri murmushi tana ɗaga mata babban yatsa.

Inkeri ta haɗiye maganar.

"Ina taya ku murna," ta ce.

Ta zauna.

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Kun ji 'yar ƙasa!" in ji Farfesa Tapani yana share ido. "Mu nan wannan doguwar huɗuba ce!"

Aka yi mata tafin da ya fi na kowa. Duk ɗakin babu wanda ya ga komai, wai ai haka mutanenmu suke, ba su da yawan magana.

Tana wajen rataye riguna tana kokawa da maɓallin rigar sanyinta ya same ta.

"Ƙanƙarata..."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan."

"Ki saurare ni. Babanta na da faɗa a ji a can, an riga an yi min alkawarin kujera. Ke kin san yadda abubuwan nan suke." Ya waiga, ya rage murya. "Kuma ai ba abin da zai canza. Zan riƙa zuwa koyarwa a shirin. Wata shida can, wata shida nan, kamar yadda kika tsara. Makullin gidanki na wurina..."

Ta tsaya tana kallon sa. Abin da ya fi ƙona mata rai, da gaske yake. Fuskarsa fes, irin ta mutumin da ya kawo kyauta yana jiran godiya.

"Cire," ta ce.

"Me?"

"Kwat ɗin babana. Cire ta."

"Haba Inkeri, yanzu za a yi hotuna! Gobe zan..."

"Leandro, na yi shiru a ciki saboda yaran can, ba saboda kai ba. In ka bari na ƙirga uku, zan koma in ƙarasa jawabina."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya cire. Ta miƙa hannu ta warware ƙyallen wuyan da ta ɗaura masa da safe, ta karɓi makullinta, ta bar shi tsaye daga shi sai 'yar shara, ana ƙwala masa kira daga ciki ango ya zo a yi hoto. Kafin ta kai mota wayarta ta yi ƙara. Renata ce ta turo saƙo: "Sai Litinin, 'yar'uwata. Akwai sababbin ɗalibai da za mu tantance." Kuma Inkeri ta san za ta zauna a gaban na'urar ranar Litinin, ta san za ta amsa gaisuwar.

Da safiyar Asabar ta kama hanyar ƙauye, kwat ɗin na kwance a kujerar da ya kamata ya zauna.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin kirfa ya tare ta. Ta leƙa kicin, sai ta tsaya cak. Matar da ta rantse ba za ta gasa ko ɓawon burodi ba ta cika faranti da burodi mai kirfa, ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur na ranar biki, ta sa rigarta ta zuwa coci. Ga kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa saukowa da su ba tun rasuwar babanta.

Guda uku.

Marjatta ta dubi 'yarta, ta dubi kwat ɗin, ta leƙa bayanta ta ga ba kowa.

Inkeri ta jira "ai na faɗa miki". Da ma ta faɗa ɗin, da ta samu wanda za ta yi wa ihu.

Sai tsohuwar ta matso. Ta karɓi kwat ɗin ta shinshina wuyanta, ta yamutsa fuska, ta fita ta rataye ta a igiyar shanya cikin sanyi. Da ta dawo sai ta ɗauki kofi ɗaya, ta hau kujera da ƙyar tana dafa bango, ta mayar da shi can saman kabad.

"Kafin gobe warin turarensa zai fita daga kwat ɗin," ta ce tana saukowa. "Zauna ki ci, 'yata. Da yawa na gasa."

A nan ne kukan ya ƙwace wa Inkeri.