Matar da Ke Tsoron Bakin Mutane

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata mata mai tsananin tsoron kambun baka. Allah ya rufa mata asiri, ya ba ta 'ya ɗaya mai fara'a, amma ba ta taɓa yarda a ga murnarta ba.

Ran da akuyarsu ta haifi tagwaye, yarinyar ta fito tana tsalle. Uwar ta ce, "Ke, yi mini shiru! So kike a ji?"

Ran da rumbu ya cika, yarinyar ta kama waƙa tana daka. Uwar ta ce, "Ke, yi mini shiru! So kike a ji?"

Tun yarinya tana mantawa, har ta iya shirun.

Ta girma, aure ya kai ta wani gari. Ana nan, sai tsohuwa ta ji a bakin wata mai tallan daddawa cewa 'yarta ta haihu, har an yi suna wata uku da suka wuce. Ta figi mayafi, ta yi tafiyar yini guda. Ta tarar da 'yar zaune, ga yaro ɓulɓul a cinyarta.

Tsohuwa ta miƙa hannuwa, ta ce, "Tubarkalla! Miƙo mini maigidan nan nawa in gan shi!"

'Yar ta ja zane ta lulluɓe shi, ta ce, "Haba Inna, sassauta murya. Me za ki gani? Ɗan ƙanjamamme ne, ko nono ba ya sha."

"Ni ce fa, uwarki."

"Ke ma ai baki gare ki, Inna."

Tsohuwa ta tsaya da hannuwa a miƙe, har suka gaji, ta sauke su.