Sifilin da Injiniya Bai Rubuta Ba

Babu ƙofar da ta taɓa yi wa Injiniya gardama a duniyar nan. Shi da kansa ya shaida wa 'yan ƙungiyar haka, a bayan garejin Kwamanda, yana zane a ƙasa da tsinke.

Shekara uku ke nan da ya rubuta manhajar ƙofofin wani shagon gwal, kafin kamfanin ya sallame shi. Ƙaramin allo ne ke tafiyar da komai, mai ƙafafun ƙarfe a jere kamar haƙoran mataji. Kowace ƙafa ko dai ta ba da wuta, ɗaya ke nan, ko ta hana, sifili. Idan allon ya tashi daga kashewa, ƙafar da ba a rubuta mata abin da za ta fara da shi ba, sifili take ɗauka, har sai manhaja ta gama farkawa. Injiniya bai rubuta wa ko ɗaya ba. Ranar yana sauri ne.

"Ƙafa ta huɗu ce ke riƙe da makullin taska," in ji shi. "In kashe, in kunna, ta koma sifili, taska ta buɗe. Daƙiƙa arba'in."

Kwamanda, shugabansu, ya sosa gemu da bakin bindiga. "Malam mai digiri, in ta ƙi fa?"

"Lissafi ba ya ƙi."

"To ƙaninka zai shiga da mu. In ga ko lissafin yana da ɗan'uwa."

Auta mai walda ne, magidanci, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ya dubi wansa. "Yaya, ka tabbata?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

Ya taɓa, amma Auta mai kunya ne.

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ya tsaya gaban akwatin wuta a lungun bayan shagon, sanye da rigar ma'aikatan lantarki, waya a kunne. Ta cikinta yake jin komai.

"Kowa ya kwanta! Hajiya, ƙasa na ce! Dogo, riƙe ƙofa!" Kwamanda ke nan, yana umartar yaronsa.

Wata mata ta fara salati. Mai shagon yana rantsuwa ba ya da makulli.

"Injiniya, yanzu!"

Ya kashe. Ya kunna.

"Ta buɗe!" Muryar Auta ce, har da 'yar dariya. "Yaya, wallahi ta buɗe!"

Sai ƙara, garam! Har bangon da ya jingina da shi ya girgiza.

"Mene ne wannan? Dogo!"

"Oga, labulen ƙarfe ya sauko! An rufe mu!"

Nan Injiniya ya tuna da ƙafa ta bakwai. Lokacin da ya gwada aikinsa, ba a kai ga ɗaura labulen ƙarfen bakin shagon ba, wayar wutar labulen kawai ya ja ya bari. Makullin taska, a ɗauke masa wuta, sakewa yake yi. Birkin da ke riƙe da labulen a sama ma haka. Sifili ɗaya ya buɗe wannan, ya saki wancan.

A mahaɗar titi wasu 'yan sanda huɗu suna shan inuwa a mota. Ba su da niyyar yin aiki ranar, amma ƙarar ta fi ƙarfin a yi kamar ba a ji ba. Suka kunna jiniya.

"Ka sayar da mu, ɗan iska!" Kwamanda ya daka tsawa.

"Oga, saurara! Zai ɗaga da kansa! Saura talatin!"

"Ga jiniya nan! Nawa suka ba ka?"

"Kuskure ne, na rantse! Ashirin da biyar!"

"Zo nan, mai walda. Durƙusa."

"Yaya," in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa, "gaya masa mana."

"Ashirin! Oga, don Allah, ashirin kawai—"

Tau!

Injiniya ya ci gaba da ƙirgawa, don bai san abin da zai yi da bakinsa ba. Da cikar daƙiƙa arba'in daidai manhaja ta farka, taska ta kulle, labule ya naɗe sama a hankali. Lissafi bai ƙi ba. Kwamanda ya fito da gudu yana harbi, bai kai kwalbati ba. Dogo ya ɗaga hannu. Injiniya kuwa a zaune suka same shi ƙarƙashin akwatin wuta, wayar tana kunnensa.

Kamfanin ya gyara matsalar a makon da ya biyo baya. Layi biyu aka ƙara.

Sai bayan wata uku mahaifiyarsu ta zo gidan yari. Ta zauna a bencin baƙi, jaririn Auta goye a bayanta, domin uwar yaron ta kama aikin wanki a wani otal.

"An ce wani abu ka manta ba ka rubuta ba."

"Eh, Inna."

"Mai yawa ne?"

"Lamba ɗaya ce."

Ta jinjina kai kamar ta gane. Ta tura masa kwanon abinci ta ƙarƙashin ragar ƙarfen da ta raba su, ta gyara goyonta, ta miƙe da dafa gwiwa. Tafiyar gida da nisa, kuma yaron ya fara nauyi.