Jan Zare a Sheƙar Shaho

"Ƙarfe biyu ya ce! Yanzu ƙarfe nawa, Nayeli?" in ji mahaifinta.

Nayeli ba ta ɗago ba. Ta sake kiran lambar saurayinta Eleazar karo na tara... shiru.

Yau ce ranar neman aurenta. Wata shida ta yi tana lallaɓa mahaifinta Don Fidencio, masuncin da duk garin Guerrero Negro aka shaida taurin kansa, kafin ya ba da ranar nan guda. A wurinsa, namijin da sana'arsa kafa kyamara a sheƙar shahon kifi don mutane su yi kallo a waya bai kai miji ba. Ga iyayen Eleazar zaune tun ɗazu kunya ta rufe su, ga tamales, alalen masarar da aka dafa wa baƙi, na hucewa, shi kuwa gogan ko ƙeyarsa.

"Ni dai ba gulma ba," in ji Yuridia maƙwabciyarsu, wadda ta shigo taya aikin da ba wanda ya sa ta, kowa kuma ya san Eleazar take hari. "Na ga motarsa ta yi bakin ruwa... kuma ba shi kaɗai ba."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Nayeli.

"Uku na bugawa magana ta mutu," in ji Don Fidencio.

"Baba, don Allah..."

"Na gama!"

Ta faɗa kicin, takaici kamar ya kashe ta. Hannunta da ya saba ya buɗe shafin da ke nuna sheƙar kai tsaye a wayarta. Tun da uwar shahon ta yi ƙwai suke bin ta ita da Eleazar, ƙwai uku, ɗaya kacal ya ƙyanƙyashe.

Sai ta saki ƙara.

Ga Eleazar a saman tsani cikin farar rigar da ta goge masa da hannunta! Uwar shahon na kawo masa sura, yana kare kai da gwiwar hannu, yana yanka wani jan zare da ya ɗaure ƙafar ɗan tsakon tamau.

Ta fito a guje ta dangwara wayar a gaban kowa.

"Gaskiyarki Yuridia, ba shi kaɗai ba ne. Da tsani suka tafi!"

Don Fidencio ya matso da wayar kusa da hancinsa.

"Wannan ƙullin... nawa ne."

Shi kaɗai ke ɗinke ragarsa da jan zare. Makon jiya ya yanke wurin da ya yage ya watsar a gaɓa, yadda ya saba shekara talatin, shahon kuma ya kwashe ya yi shimfiɗa.

Sai huɗu saura Eleazar ya shigo, riga a yage, goshi na jini.

"Rabin raina, ki yafe ni, wayar ce na bari a..."

"Kar ka ce min rabin rai! Ka san abin da na gani yau?" Hawaye suka ɓalle mata, amma tuni ta kai gefen mayafinta goshinsa.

Don Fidencio ya miƙe.

"Ƙafar ɗan tsakon fa?"

"Za ta warke, Baba."

Tsohon ya sunkuyo ya shinshina rigar, ya yamutsa fuska.

"To, yau dai ka yi ƙarnin kifi irin na mutanen gidan nan. Nayeli, ɗumamo tamales ɗin. Kai kuma zauna, ka roƙe ta yadda ake yi."