Ayar da Ta Ƙi Rabuwa

A wani zamani can baya, an yi wata tsohuwa mai jikoki goma. Wata rana ta juye wa babbar jikarta aya a kan tabarma, guda dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Ta ce, "Raba muku daidai, kada wani ya fi wani."

Biyu ne kawai cikin jikokin suke gida lokacin. Yarinyar ta kasa ayar kashi biyu, ɗaya ta rage. Na uku ya shigo, ta kasa uku, ɗaya ta rage. Na huɗu ya shigo, ta kasa huɗu, ɗaya ta rage. Haka har na goma. Kowa ya samu ɗari biyu da hamsin da biyu, ɗaya ta rage.

Ta gaji, kuma ba mai kallonta. Har ta kai ayar bakinta, sai ta fasa, ta tafi wurin tsohuwa.

"Kaka, wannan ta ƙi shiga kason kowa. Taki ce."

Tsohuwa ta yi dariya har dasashinta ya bayyana. "Da wane haƙorin, 'yar nan? Ni na ƙara ta, in ga ko za ta dawo."

Sai ta saka wa yarinyar ita a baki da hannunta.