Mai Sharhi da Mai Lemo

Nazeefa ta caccaki fim ɗin baffan saurayinta a rediyo ranar Asabar, saura kwana takwas a zo sa ranar aurenta.

Ba ta san nasa ba ne.

Shekara shida tana gabatar da shirin sharhin fina-finai a wani gidan rediyo da ke Wuse. Da karanta gaishe-gaishe ta fara. Tun da aka ba ta shirin ta kafa wa kanta doka: ba ta zuwa bikin ƙaddamar da fim, ba ta karɓar tikitin kyauta, ba ta karanta sunayen masu fim. In sunaye suka fara fitowa, sai ta sunkuyar da kai. Kafin na ƙarshen fim su hau, ta fice. Ta ce suna yana hana mutum faɗin gaskiya. Saboda haka jama'a suka yarda da ita.

Fitowarta ke nan daga situdiyo, sai ga kiran saurayinta Abdulmajeed.

"Masoyina! Ka saurara?"

"Na saurara." Muryarsa ba yadda ta saba ji ba. "Nazee... direban motar lemon nan, da kika ce ya yi minti goma sha biyu yana mutuwa..."

"Har da waƙa fa!" Ta sake yin dariya.

"Mahaifina ne."

Ta dafa bango.

Ta san maraya ne. Ta san hatsari ne a hanyar Kaduna. Bai taɓa ce mata lemo ne a motar ba.

"Baffa Nababa ya rubuta labarin," in ji shi. "Shekara ashirin yana burin yin fim a kan ƙanensa. Shi ya riƙe ni. Shi ne zai zo gidanku."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ke kika hana. Kin ce duk ranar da na faɗa miki mai fim kafin ki kalla, mun ɓata. Na zata zai burge ki."

Kafin la'asar maganar ta bazu. Ameera, 'yar Goggo Hajjo ƙanwar Baffa, wadda ta daɗe tana son Abdulmajeed, ta yanko wurin dariyar kaɗai ta tura wa dangi. Daga dangi ya shiga hannun direbobin kasuwar Zuba, inda Baffa yake dillancin lemo.

Sai kira daga lambobin da ba ta sani ba.

"Ke ce mai yi wa mamaci dariya? Mun san ƙofar da kike fitowa."

Ranar Litinin ta shiga tasi, ta tarar direban yana sauraron dariyarta a waya yana tsaki. Bai san fuskarta ba. Murya ce za ta tona ta. Ba ta ce uffan ba har Wuse, da hannu ta nuna masa inda zai tsaya.

Oga Thaddeus, shugaban tashar, ya miƙa mata takarda.

"Nazeefa, ni ba na son wahala. Ranar Asabar ki karanta wannan. Ki ce kin sake kallo, fim ya yi kyau. Shi ke nan!"

Goggo Hajjo ma saƙonta ke nan: ko Nazeefa ta janye maganarta, ko a fasa auren.

Ranar Alhamis da hantsi Abdulmajeed ya ɗauke ta zuwa Zuba. Takardar tana hannunta, gumi ya jiƙa gefenta.

"In na karanta, masu saurarona sun gama yarda da ni," ta ce a hankali. "In na ƙi... na rasa ka."

"Ki daina kuka, rabin raina."

"Kai me kake so in yi?"

Ya rage gudun motar.

"Dariyar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban so ki don kin iya lallashi ba."

Kasuwar ta cika. Ana sauke lemo daga manyan motoci, ƙasa duk ɓawo. Da Abdulmajeed ya yi sallama, hira ta tsaya. Wani ya ce, "Ita ce." Nazeefa ta ji kamar ta juya da gudu.

Baffa Nababa yana zaune kan benci, yana ware ruɓaɓɓu daga kwando. Dogo ne, fari fat gemunsa. Goggo Hajjo da Ameera suna gefe.

Nazeefa ta durƙusa. Abdulmajeed ya durƙusa kusa da ita.

"Ina kwana, Baffa."

"Ke ce mai rediyo?"

"Ni ce, Baffa."

"An ce kin zo da takarda. Karanta."

Ta buɗe. Ta fara karantawa.

"Jama'a masu sauraro, na sake kallon fim ɗin, na ga cewa..."

Ta tsaya. Ta ninke takardar.

"Baffa, dariyar da na yi, don Allah ka yafe min. Ban san ciwonka ba ne. Zan nemi afuwarta a gaban kowa. Amma... ba zan iya cewa wurin mutuwar ya yi kyau ba. Bai yi ba."

"La'ilaha illallahu!" Goggo Hajjo ta tafa hannu. "Yaya, ka ji ko? A gabanka!"

"Ai na faɗa muku, Umma," in ji Ameera. "Girman kai ne da ita."

Baffa bai dube su ba.

"Duk fim ɗin, ba abin kirki ko ɗaya?"

"Akwai, Baffa. Na faɗa a shirin, yanke shi aka yi."

Ameera ta kau da kai.

"Faɗa min."

"Bayan an ɗauke gawar. Minti ɗaya ne. Wani mutum, ba a nuna fuskarsa ba, yana tsince lemon da ya zube a titi. Kowanne sai ya goge shi da rigarsa kafin ya sa a kwando. Ba kiɗa, ba magana. A nan na yi kuka. Na ce wanda ya rubuta wannan ya san mutuwa."

Hannun Baffa ya tsaya cikin kwando.



"Hannuna ne," in ji shi. "Haka na yi ranar. Ban san abin da zan yi ba, sai na hau tsintar lemo."

Abdulmajeed ya ɗago kai. Bai taɓa jin wannan ba.

"Darakta ya so ya cire wurin, na hana. Waƙar kuwa shi ya sa, ya ce 'yan kallo ba sa son mutuwa ba waƙa. Ƙanena Umaru bai yi waƙa ba. Kalmar shahada ya yi, ya cika." Ya share ido da bakin hula. "Wata biyu kowa yana ce min sambarka. Ni kuwa ban iya kallon wurin nan."

Ya zaɓi lemo ɗaya, ya goge shi da rigarsa, ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu.

"Tashi, 'yata. Takardar nan ki mayar wa mai ita. Direbobi kuma ni zan yi musu magana."

Abdulmajeed ya sauke ajiyar zuciya. "Nazee..." kawai ya iya cewa.

Goggo Hajjo ta miƙe tsaye.

"Yaya! Yarinyar da ta kunyata mu a duniya? Ga 'yarka Ameera a gida! Don girman Allah ka fasa zuwa gidansu ranar Lahadi."

Baffa ya jawo kwandonsa.

"A'a. Ba zan fasa ba."